Firintar Gida da Amanar Wanda Ya Haɗa Ta

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yan mata, waɗanda Allah Ya hore wa sanin kwamfuta tun kuna ƙanana, ina so in yi muku magana a kan wani al'amari wanda a ido ƙarami ne, har mai gaggawa zai ce bai cancanci a ɓata masa tawada ba, alhali kuwa duk wanda ya zauna a gidan da ke da ɗalibai uku ko huɗu, da uba mai rubuce-rubucen ofis, da uwa mai koyarwa ko mai lissafin sana'a, ya san yawan ɓacin ran da ake yi a kansa. Al'amarin shi ne na firinta guda ɗaya a gida, da yadda za a yi kowace kwamfuta da kowace waya ta iya aika mata aiki daga inda take, ba sai an ɗauki laftof an kai gindinta an zare kebul daga wannan an soka a waccan ba, ba kuma sai an yi ta yawo da filash ɗaki ɗaki, ana kwasar cutar kwamfuta ana raba wa juna ba. Na keɓe ku da maganar ne domin a galibin gidaje ku ake miƙa wa kwali ranar da aka sayo sabuwa, ku ake ƙwala wa kira kuma ranar da ta ƙi. Abin da nake so ya zauna a zukatanku tun daga farko shi ne, wanda aka ɗora wa wannan aiki bai sauke nauyinsa ba don takardar gwaji ta fito yana tsaye, sai fa ranar da mahaifiyarsa ta buga abin da take so da hannunta, shi kuwa yana makarantar kwana, ko yana bautar ƙasa a wata jiha mai nisa.

Ku sani wannan mas'ala ta girme ku, bal ma tana cikin dalilan da suka sa aka fara ƙulla kwamfutoci da juna. A cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani masani mai suna Gary Starkweather ya tayar da firintar lesa ta farko mai aiki a shekarar 1971, na'ura mai fitar da shafi guda a kowace daƙiƙa, wadda girmanta da tsadarta suka hana a ce kowane ma'aikaci ya mallaki tasa. Sai buƙata ta taso ta a sami hanyar da kwamfutocin cibiyar duka za su riƙa aika mata aiki da saurin da zai ishe ta, kuma a kan wannan buƙata, tare da wasu, Robert Metcalfe ya rubuta takardarsa ta ranar 22 ga Mayu, 1973, inda ya zana tsarin da ake kira Ethernet, watau asalin kebul ɗin nan mai kan roba da kuke gani ana sokawa a bayan rauta har yau. Sa'ad da kamfanin Apple ya fito da LaserWriter a 1985, kuɗinta dala 6,995 ne, fiye da ninki biyu na kuɗin kwamfutar Macintosh da za ta yi wa hidima, saboda haka tun asali aka gina ta yadda mutanen ofis guda za su yi tarayya a kanta. Ashe ke nan tarayya ita ce asali a sha'anin firinta, mallakar mutum ɗaya kuwa daga baya ta zo, bayan arha ta samu.

Mu ma nan ƙasar Hausa ba mu yi nisa da zamanin tsadar rubutu ba. Kakanninku sun riski lokacin da almajiri ke aron littafi wurin malaminsa, ya zauna watanni yana kwafe shi da alƙalamin kara. Sun kuma ga fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sa'ad da ɗab'i ya kasance aikin ma'aikata guda wadda larduna masu yawa ke zuba wa ido. Yau ga 'yar maɗaba'a a kan teburin falo, kuma godiyar irin wannan ni'ima ita ce a sauƙaƙa amfaninta ga kowa a gidan. Malaman tafsiri, da suka zo kan Suratul Ma'un, sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya yarda da shi, cewa abin da aka zargi mai hana shi ya haɗa da kayan amfanin yau da kullum da mutane ke ara wa juna, irin su guga da tukunya. Ni kuwa a ganina, ba tare da na shiga hurumin masu fatawa ba, firinta a gidan 'yan makaranta ta yi kusa ƙwarai da wannan sahu.

Hanyoyin haɗawa, in an taƙaita, biyu ne. Ta farko, wadda ta fi daɗewa a gidaje, ita ce a soka firinta a jikin kwamfuta guda da kebul na USB, sa'an nan a umarci wannan kwamfuta ta buɗe wa sauran ƙofa. A Windows mutum zai shiga wurin saituna, ya nemi sashen firintoci da sikana, ya buɗe bayanan firintar, ya sa alama a gurbin da ke ba da izinin a raba ta, ya raɗa mata suna gajere wanda babu tazara a cikinsa. Ya kuma tabbata an kunna rabon fayil da firinta, kuma kwamfutar ta ɗauki sadarwar gidan a matsayin keɓantacciya, domin muddin ta ɗauke ta a matsayin ta jama'a, irin ta otal ko ta filin jirgi, to za ta ɓuya daga 'yan'uwanta, kuma daidai ta yi. A sauran kwamfutocin sai a nemi ƙara firinta, in ba ta bayyana da kanta ba a rubuta sunan kwamfutar da ke riƙe da ita da nata sunan, kamar haka: \\KWAMFUTAR-FALO\Firinta. Harshen da suke magana da shi a tsakaninsu ana kiransa SMB, kuma mai Linux ma yana jin sa ta hanyar Samba, wadda Andrew Tridgell na Ostareliya ya fara fitarwa a 1992.

Wannan hanya tana aiki, ba na musu, amma tana da illa wadda ya wajaba ku auna kafin ku zaɓe ta, watau dukan gidan ya rataya ga kwamfuta ɗaya: in an kashe ta babu bugu, in ta yi barci babu bugu, in an fita da ita babu bugu. To, in kwamfutar nan laftof ɗinka ce, ɗana, duk ranar da ka rataya jakarka ka tafi lacca ka tafi da firintar gidan a cikinta, ko da kuwa ga ta nan zaune a kan tebur. Ƙanwarka mai neman buga takardar shiga jarrabawar JAMB sai ta nemi kuɗin mota ta tafi kafe, ta bi layi, ta biya abin da gidansu ke da shi. Haka kuma in firintar mai sikana ce, wannan rabo bugu kaɗai yake rabawa, ɗaukar hoton takarda kuwa yana nan ɗaure ga kwamfutar da kebul ke jikinta. Kuma tun da Windows za ta nemi suna da kalmar sirri daga mai son shiga, kada ka raba wa mutane taka, kada kuma ka kashe kariyar don gudun wahala. Ka buɗe wani asusu dabam a kwamfutar, wanda ba shi da ikon gudanarwa, ka ba shi tasa kalmar, a riƙa bugu da shi. A nan ne nake so in ja kunnenku game da wata 'yar cuta ta zuciya wadda kan kama mai ilimi yana ƙarami, watau jin daɗin a ce babu wanda ya iya sai shi. Yaro ya kan bar abu a ɗaure da kwamfutarsa ba don bai san hanyar da ta fi ba, sai don kiran da ake yi masa yana yi masa zaƙi. Malamai kuwa sun daɗe suna tsoratarwa game da ujubu da ɓoye ilimi, kuma ban ga dalilin da zai fitar da ilimin na'ura daga wannan tsoratarwa ba.

Akwai kuma abin da za ku tarar in kuka shiga neman bayani, domin bayanan da suka tsufa sun fi sababbi yawa. Wani zai ce ku yi amfani da HomeGroup, alhali wannan tsari da ya zo da Windows 7 a 2009 an cire shi daga Windows 10 tun watan Afrilu na 2018. Wani zai ce ku kunna tsohon SMB na ɗaya don na'urori su ga juna. Kada ku kuskura, domin ta wannan tsohuwar ƙofa ce cutar WannaCry ta bi a watan Mayu na 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila. A tsakiyar 2021 kuma aka gano wata ɓaraka babba a sashen Windows mai kula da jerin ayyukan bugu, aka yi mata laƙabi da PrintNightmare, wadda ke ba mugu damar mallake kwamfuta ta ƙofar firinta. Da Microsoft ya toshe ta sai ya tsananta, tun daga watan Agusta na shekarar, cewa ba mai ɗora direban firinta daga wata kwamfuta sai mai ikon gudanarwa, kuma gidaje da ofisoshi da yawa suka wayi gari rabon da ke aiki jiya ya tsaya. Maganin da ya dace shi ne a sabunta kwamfutocin duka, a sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera firintar a ɗora wa kowace da hannu. Duk wanda ya ce muku ku warware kariyar don bugu ya dawo, to ya ba ku maslaha ƙarama a bakin mafsada babba, ƙa'idar malaman usulu kuwa sananniya ce, cewa tunkuɗe ɓarna ake gabatarwa a kan jawo amfani.

Hanya ta biyu, wadda nake yi muku wasiyya da ita matuƙar firintarku za ta iya, ita ce a haɗa firintar da rauta kai tsaye, ta zama 'yar gida mai cin gashin kanta, babu kwamfutar da ke riƙe da ita. In tana da ramin Ethernet kuma tana kusa da rautar, to kebul ya fi komai kwanciyar hankali, domin ba ruwansa da kaurin bango ko nisan ɗaki. In ta waifai ce, sai a shiga 'yar fuskarta a zaɓi sunan sadarwar gidan a rubuta kalmar sirri. Wadda ba ta da fuska kuwa a kan danna maɓallin WPS a jikin rauta, a danna nata a cikin minti biyu, su gane juna. Abu biyu ne suka fi kayar da mutane a nan. Na farko, rauta ta zamani tana watsa waifai a kan zango biyu, na 2.4 da na 5, firintoci masu arha kuwa da yawansu na 2.4 kaɗai suke ji, saboda haka wanda ya kashe wannan zango zai kwana yana nema ba ta ga komai ba. Na biyu, sadarwar baƙi da rauta kan buɗe dabam an yi ta ne da gangan don wanda ke cikinta kada ya ga kayan gida, to in wayarka tana can firinta tana nan, ba za su haɗu ba. Ku lura kuma, gidan da ya dogara ga hotsifot na wayar mutum ɗaya ya koma cikin illar farko ta wata ƙofa, domin in mai wayar ya fita sadarwa ta fita tare da shi. Gara a sami rauta ko 'yar mifi wadda za ta zauna gida ba ta zuwa ko'ina. Kada tsoron kuɗin data ya hana ku, gama takardar da ta tashi daga laftof zuwa firinta ta cikin rautar gida ba ta fita intanet, ba ta cin ko sisi, tana ma tafiya ko da kuɗin watan ya ƙare.

Yanzu ga mas'alar da nake so ku fi zurfafawa a cikinta, domin ita ce sababin mafi yawan kiran nan na "jiya tana yi, yau ta ƙi". Kowace na'ura a sadarwar gida tana da adireshi na lambobi huɗu, galibi mai farawa da 192.168, kuma rauta ce ke raba su ta wani tsari da ake kira DHCP. Misalin rauta a nan misalin mai masaukin fatake ne a zango: duk baƙon da ya sauka sai ya ba shi ɗakin da ya tarar babu kowa, na 'yan kwanaki, in baƙon ya tafi ya dawo ba lalle ne ya sami ɗakinsa na dā ba. To, a ƙasar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kowace ɗaukewa tafiya ce, kowace dawowa sabuwar sauka ce. Firintar da jiya take a 192.168.1.5 yau ta koma 192.168.1.8, kwamfuta kuwa tana can tana ƙwanƙwasa tsohon ɗaki, ta gaji ta ce firinta ba ta kan layi. Gaskiya ne sababbin na'urori sukan nemi firinta da sunanta, su same ta ko da ta sauya wuri, amma ihtiyaɗi ya fi, kuma aikinsa bai wuce na 'yan mintoci ba. A umarci firintar ta buga shafin bayanan sadarwarta, a ciki za a ga adireshinta na yanzu da wata lambar shaida tata ta din-din-din mai suna MAC. Sa'an nan a buɗe shafin gudanar da rauta, wanda adireshinsa ke rubuce a ƙarƙashinta, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a wasu mifi, a nemi wurin keɓe adireshi, a ɗaure wannan lambar shaida da adireshi guda har abada. In kuwa shafin ya nuna adireshi mai farawa da 169.254, to alama ce firintar ba ta sami komai daga rauta ba, ta raɗa wa kanta ne kawai, sai a koma a duba kebul ko kalmar sirri, kada a ɓata lokaci ana tuhumar kwamfuta.

Sha'anin wayoyi ya fi sauƙi. Apple ya kawo AirPrint a watan Nuwamba na 2010, kamfanonin Canon da HP da Samsung da Xerox kuma suka kafa ƙungiyar Mopria a 2013 domin wayoyin Android, dukansu kuwa sun doru ne a kan tsarin IPP, wanda ke sa na'ura ta yi bugu ba tare da an ɗora mata direba ba. Saboda haka in za a sayi sabuwa aka nemi shawararku, ku duba waɗannan sunaye a jikin kwali kafin ku duba kyan launi. Ku fifita kuma abin da ke ƙarewa cikin katangar gida a kan abin da sai ya bi ta wani kamfani mai nisa, domin mutane da yawa sun gina bugun gidajensu a kan Google Cloud Print, aka rufe shi a ƙarshen 2020, suka koma neman hanya. Wanda kuma firintarsa tsohuwa ce, USB kaɗai gare ta, kada ya yi saurin yar da ita: wasu rautoci suna da ramin USB da ke iya raba firinta, ko da yake ba kowace firinta mai arha ke yarda da su ba, akwai kuma 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi, mai girman tafin hannu, wadda cin wutarta bai kai na ƙwan fitila ba, a ɗora mata CUPS, tsarin bugun da Michael Sweet ya fitar a 1999, Apple ya saya a 2007, ta zauna kusa da firintar dare da rana tana karɓar aiki daga kowa.

Sai maganar tsare ƙofa. Firintar da ke kan sadarwa kwamfuta ce ƙarama, kuma da yawansu suna karɓar duk abin da aka zuba musu ta mashiga mai lamba 9100 ba tare da sun tambayi mai aikowa ko wane ne ba. A watan Fabrairu na 2017 wani ya sa firintoci kimanin 150,000 a faɗin duniya suka buga saƙonsa, a ƙarshen 2018 wani ya sake yin haka da kimanin 50,000, dukansu kuwa ba su fasa komai ba, buɗe suka tarar. Rautar gida a bisa asalinta tana tsare ku daga irin wannan, muddin ba ku buɗe wa firinta hanya zuwa intanet da hannunku ba, don haka kada kwaɗayin yin bugu daga makaranta ya sa ku buɗe ta. Ku sauya kalmar sirrin da rauta ta zo da ita daga kamfani, ku sa wa shafin gudanar da firintar tasa. In kuma tana watsa nata waifai na kai tsaye, ku sani wasu suna zuwa da 12345678 a matsayin kalmar sirri, abin da kowane yaro a unguwa zai iya cankowa, sai ku sauya ko ku kashe shi.

To, maƙwabci fa, wanda ya zo da takardarsa? Haƙƙinsa tabbatacce ne, kuma hana shi rowa ce. Amma ku sani wanda aka ba kalmar sirrin waifai na gida an ba shi hanya zuwa duk abin da ke buɗe a cikin sadarwar, har da fayilolin da kwamfutoci ke rabawa, waɗannan kuwa na iyayenku ne da 'yan'uwanku, ba ku da ikon yin kyauta da su. Hanyar da ta haɗa haƙƙi biyun ita ce ya turo muku takardar ku buga masa da sakin fuska, in yana son intanet ku sa shi a sadarwar baƙi. Kuma abin da kuka tsare daga na waje ku tsare shi daga idanunku. Da zarar kowa ya iya bugu daga ɗakinsa, takardu za su riƙa fitowa mai su ba ya kusa: sakamakon gwajin asibiti na babarku, lissafin bashin babanku, takardar rabon gado, wasiƙar yayarku. Mai gudanar da firinta yana ganin sunayen takardu a jerin aiki, yana kuma iya ɗaga abin da ke kan faranti ya karanta babu mai ganinsa sai Allah. Suratul Hujurat ta yi hani ga tajassusi, watau bin diddigin asirin mutane, kuma takardar da ta fito kafin mai ita ya iso wadi'a ce a hannun wanda ya tarar da ita, hukuncin ajiya kuwa kun karanta shi a babinsa cikin Risala ta Ibn Abi Zaid. Ladabin abin shi ne a kifa ta, a kai wa mai ita, ko a kira shi ya ɗauka.

Sauƙi kuma yana jawo israfi. Rim guda takarda 500 ne, amma a gidan da bugu ya zama danna maɓalli daga kan gado ba ya daɗewa. Ku saita kowace kwamfuta ta riƙa bugu da baƙi kaɗai, gaba da baya in firintar ta iya, mai son launi ya zaɓa da niyya. Ku koya wa ƙannenku cewa in an danna sau ɗaya ba ta fito ba, to aikin yana nan a jeri yana jira, kuma wanda ya danna sau goma zai sami kwafi goma ranar da hanya ta buɗe. A buɗe jerin a goge abin da ya maƙale tukuna. Maganar wanda zai sayi tona ko tawada in ta ƙare kuwa, musamman a gidan haya ko ɗakin ɗalibai inda aka yi karo-karo aka saya, a yanke ta tun ranar farko da kowa ke murna, domin sharaɗin da aka ƙulla kafin buƙata ba ya ɓata zumunci.

Game da wuta da yanayi, firintar lesa tana narkar da garin tona a kan takarda da zafin da ya kusa digiri 200, don haka a lokacin da take ɗumama kanta tana jan wuta mai yawa farat ɗaya, har ta kan kayar da ƙaramar inbata ko ta sa ƙaramin janareta ya yi nishi. Gidan da ke kan sola mai rauni ya yi la'akari da wannan kafin saye. Mai tawadar ruwa cin wutarta kaɗan ne, amma in an bar ta makonni ba aiki bakin allurarta ya kan bushe, balle a zafin bazara, sai a riƙa buga ko shafi guda kowane mako. A rufe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, a adana takarda cikin ledarta saboda laimar damina. In wuta ta dawo kuma, firinta ta kan riga rauta farkawa, ta nemi sadarwa ba ta samu ba. A ba rauta minti biyu, in ya kama a kashe firintar a sake kunnawa.

Bayan duk wannan, ɗana, ko 'yata, saura aikin da ya fi kowane muhimmanci kuma aka fi gafala da shi, watau rubutawa da koyarwa. A sami takarda guda a rubuta da Hausa bayyananna: sunan firintar, adireshin da aka keɓe mata, sunan sadarwar da take ciki, da abin da za a duba bi da bi in ta ƙi, farawa da wuta da takarda, sa'an nan ko wayar mai bugu tana cikin sadarwar gida, sa'an nan jerin aiki, sa'an nan kashewa da kunnawa, a manna ta a gefen tebur. Kalmomin sirri kuwa a rubuta su dabam a damƙa wa mai gida ko uwar gida, domin kayan nasu ne, bai dace mabuɗinsu ya zauna a kan yaro ɗaya ba. Sa'an nan ka yi jarrabawar da za ta gaya maka gaskiya: ka kashe laftof ɗinka da wayarka, ka roƙi Baba ko Inna su buga wani abu daga nasu, kai kuwa ka harɗe hannu ka yi shiru, duk inda suka tsaya ka san a nan bayaninka ya gaza, ka gyara. Ka zaɓi ɗaya daga cikin ƙannenka, mace ko namiji, ka nuna masa shafin rauta da yadda ake ƙara sabuwar na'ura, ka bar shi ya haɗa ta gaba da kansa kana kallo.

Ranar da firintar za ta bar gidan kuma, ko zuwa wurin mai gyara, ko don an sayar, ko an bayar kyauta, ku tuna tana ɗauke da sunan sadarwarku da kalmar sirrinta a cikinta. A shiga saitunanta a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, sa'an nan a sake buga shafin bayanan sadarwa a tabbata sunan ya goge, domin a 2023 kamfanin Canon da kansa ya sanar cewa wasu firintocinsa masu tawadar ruwa ba sa goge bayanan waifai da gogewa ɗaya, sai an goge, an kunna waifai, an sake gogewa. In an riga an fita da ita ba a yi haka ba, sai a sauya kalmar sirrin waifai na gidan a ranar, a gyara takardar da ke hannun mai gida.